Hannunka Mai Sanda: Riƙon Littafi Ko Riƙon Da Ya Karɓe Ka?

Wata safiyar Litinin, ranar da filin golf kan yi tsit saboda masu wasa sun koma bakin aikinsu, na tarar da wani yaro daga cikin masu ɗaukar jaka yana buga ƙwallo a bayan rumfar atisaye. Ba zai wuce shekara 14 ba. Sandar hannunsa tsohuwar ƙarfe ce mai lamba bakwai, robar mariƙinta ta cinye har an naɗe wurin da robar cikin tayar keke. Ya jera ƙwallaye shida da ya tsinto a cikin ciyawa, yana aika su ɗaya bayan ɗaya zuwa gindin wata darbejiya. Biyar suka sauka a inuwarta, ta shida ta ɗan gota.

Na tsaya ina kallon hannunsa. Bugun dama yake yi, amma hannun hagunsa ne a ƙasa, na dama a sama, wato ya kifar da abin da kowane mai koyarwa yake koyarwa. Ban kai ga buɗe baki ba sai ga tsohon kocin filin, wanda kowa ke ce wa Baba, tare da wani Alhaji da ya yi ritaya, wanda ya fi shekara 30 yana wasan.

"Kai, zo nan," in ji Baba. "Wa ya koya maka wannan riƙon?"

"Ba kowa, Baba. Haka na ji ta fi zauna mini."

"To, daga yau ka bar shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Alhaji ya girgiza kai. "Haba Malam, dubi inda ƙwallayen suka sauka mana. Yaro ya sami abin da ya karɓe shi, ka ce ya bari? Kada garin neman gira a rasa ido."

Sun fi rabin awa suna ja-in-ja, yaron na tsaye yana jujjuya sandarsa. Na koma gida da maganar a raina, domin gardamar ta girme su su duka biyun. Fiye da shekara ɗari ke nan ana yin ta a Sikotland, mahaifar wasan, da Ingila da Amurka: shin akwai riƙon sanda guda ɗaya tak da yake daidai, wanda ya wajaba a ɗora kowane ɗan koyo a kansa, ko kuwa a bar kowa da riƙon da hannunsa ya zaɓa masa?

Mene ne riƙon littafi?

Ga wanda bai saba da golf ba, wasan da wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, bari mu fara da hannun kansa. Bayanin na mai bugun dama ne, bahago sai ya juya komai.

Hannun hagu ne a sama, dab da ƙarshen mariƙi. Ana kwantar da mariƙin a karkace, daga gindin ƙaramin yatsa zuwa gaɓar tsakiya ta manuniya, sannan a rufe hannu yadda tudun tafi zai hau kansa. Babban yatsa ya kwanta a kan mariƙin, ya ɗan gota tsakiya zuwa dama. In ka sunkuyar da kai ka duba, za ka ga ƙullin gaɓoɓi biyu na bayan hannunka. Hannun dama ya biyo ta ƙasa, ya riƙe da yatsu, kwarin tafinsa ya lulluɓe babban yatsan hagu. Tsakanin babban yatsa da manuniya, a kowane hannu, akwai 'yar tsaga mai kama da bakin almakashi. Littafi ya ce tsagun nan biyu su nufi tsakanin haɓa da kafaɗar dama.

Wajen haɗa hannayen biyu, hanya uku ce. Ta farko, a ɗora ƙaramin yatsan dama a tsakanin manuniya da yatsan tsakiya na hagu, mu kira shi riƙon ɗori. Ta biyu, a sarƙe ƙaramin yatsan dama da manuniyar hagu, riƙon sarƙe ke nan. Ta uku, yatsun goma duka su sauka a kan mariƙi, hannu na bin hannu kamar mai riƙe da ƙotar gatari.

Sai kuma murɗin hannu. In aka murɗa hannayen zuwa dama har gaɓoɓi uku ko huɗu suka bayyana, 'yan wasa kan ce riƙon mai ƙarfi ne. In aka murɗa hagu har ɗaya kawai ake gani, sai su ce mai rauni. Sunayen na da ruɗarwa, don ba ruwansu da yadda aka matse sanda. Na farko yakan sa fuskar sanda ta rufe ta kalli hagu a lokacin bugu, na biyu ya sa ta buɗe ta kalli dama. Saboda haka zan kira su riƙo mai rufewa da riƙo mai buɗewa. Wanda ya zauna a tsakiyarsu shi ne riƙon littafi.

Hujjar masu cewa a bi littafi

Mutanen Baba sukan fara ne da lokaci. Daga sa'ad da sanda ta fara saukowa daga bayan kafaɗa zuwa sa'ad da ta sami ƙwallo, kimanin rubu'in daƙiƙa ne. A hannun ƙwararre, kan doguwar sanda yana gudun da ya haura kilomita 180 a awa, kuma haɗuwarsa da ƙwallo ba ta wuce kimanin rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Babu ɗan Adam da zai gyara kuskure a cikin wannan ƙiftawar. Na'urorin da ke bin sawun ƙwallo sun nuna cewa inda fuskar sanda ta kalla a wannan lokaci shi ne ke yanke mafi yawan hukuncin inda ƙwallo za ta nufa, kusan kashi 85 cikin ɗari idan da doguwar sanda ce. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: karkatar digiri biyu kacal a bugun mita 200 tana nufin kauce wa hanya da kusan mita bakwai, tun ma kafin ƙwallon ta fara lanƙwasa a iska. To, hannu ne kaɗai sashen jiki da ke taɓa sanda, kuma riƙo na cikin 'yan abubuwan da mutum ke tsarawa yana tsaye cik, ba gaggawa. Me zai sa a yi masa riƙon sakainar kashi? Tun ran gini, tun ran zane.

Hujja ta biyu tarihi ce. Harry Vardon, ɗan tsibirin Jersey da aka haifa a 1870, ya ci gasar Open ta Birtaniya sau shida tsakanin 1896 da 1914, kuma har yau ba wanda ya kamo shi. Riƙon ɗori yake yi. Ba shi ya ƙirƙiro shi ba, wani ɗan Sikotland mai suna Johnny Laidlay ya riga shi, amma nasarar Vardon ce ta yaɗa shi har ake kiransa da sunansa. A wancan zamani da yawa suna damƙar sanda ne a tafi, hannu biyu kowanne na cin gashin kansa. Riƙon Vardon ya ɗaure su suka zama abu guda, kuma tun daga lokacin mafi yawan ƙwararru a kansa suke. Masu wannan ra'ayi suna cewa abin da dubban 'yan wasa suka jarraba shekara da shekaru suka zauna a kai ya wuce a ce al'ada ce kurum.

Sai su kawo Ben Hogan na Amurka. Ya yi shekaru kusan goma yana fama da ƙwallon da ke tsere masa hagu, har ya kusa haƙura da wasan saboda talauci. Bai ci babbar gasa ba sai a 1946, yana da shekara 34. Gyaran da ya yi wa riƙonsa yana cikin manyan abubuwan da suka juya rayuwarsa: ya ƙare da manyan kofuna tara, uku daga ciki a shekarar 1953 kaɗai, duk da mummunan hatsarin motar da ya yi a 1949. Da ya zo rubuta littafinsa na darussa biyar a 1957, riƙo ya sa a darasin farko, ya kuma shawarci ɗan koyo ya ba shi rabin awa kullum har mako guda. Jack Nicklaus ma, mai manyan kofuna 18, a farkon kowace kakar wasa yakan koma wurin malaminsa na ƙuruciya, Jack Grout, su sake bitar tushen wasa tun daga riƙo. In gwanin gwanaye bai raina wannan darasi ba, wane ne ɗan koyo da zai raina?

Hujja ta uku ita ce ta fi damun masu koyarwa, don kullum suna ganinta. Mummunan riƙo ba ya zama shi kaɗai, 'ya'ya yake haifa. Mutum ya damƙe sanda a tsakiyar tafi, wuyan hannunsa ya ƙi lanƙwasa, fuskar sanda ta iso a buɗe, ƙwallo ta karkata dama. Maimakon ya duba hannunsa, sai ya juya jikinsa ya nufi hagu. Sandar ta riƙa yanko ƙwallo daga waje, karkatar ta ƙaru. Ya ƙara ƙarfi, ya ƙara matsewa. Bayan shekara biyar kuskure ɗaya ya zama biyar, kowanne na tallafe da ɗan'uwansa, ka taɓa ɗaya sauran su rushe. Da an gyara yatsu a makon farko, da duk wannan bai taso ba.

Suna ma kafa hujja da doka. Hukumar R&A ta St Andrews da takwararta USGA ta Amurka, masu tsara dokokin wasan, sun hana shiga gasa da mariƙin da aka yi wa gurbin yatsu. Ana sayar da irinsa don atisaye, amma ranar gasa sai dai ka ajiye shi. Ma'ana, ɗora hannu daidai gwaninta ce da ake so mutum ya koya da kansa.

Hujjar masu cewa a bar kowa da nasa

Mutanen Alhaji kuwa sai su ce, madalla, tunda tarihi kuke so, mu buɗe shi a shekarar 1959, shekara biyu kacal bayan fitowar littafin Hogan. A shekarar, Art Wall ya ci gasar Masters da riƙon yatsu goma. Bob Rosburg ya ci gasar PGA da irin wannan riƙo. Biyu ke nan daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya suka tafi hannun masu riƙon da ake yi wa kallon na 'yan koyo.

A wannan shekara dai, wani mutumin Durban ta Afirka ta Kudu, ɗan asalin Indiya, Sewsunker Sewgolum, wanda aka fi sani da Papwa, ya ci gasar Open ta ƙasar Holan. Da ɗaukar jaka ya fara, ba wanda ya koya masa, kuma hannun hagunsa ne a ƙasa, daidai irin riƙon yaron nan na gindin darbejiya. Ya sake cin gasar a 1960 da 1964. A gida ya ci gasar Natal a 1963, ya kuma ci a 1965 inda ya kayar da gwani Gary Player. Duniya ta san shi da hoton nan da aka miƙa masa kofi a waje cikin ruwan sama, saboda dokar wariyar launin fata ta hana shi shiga zauren kulob. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: da wani ya tare Papwa yana yaro ya ce ya bar riƙonsa, wa ya tabbatar da za mu taɓa jin sunansa?

Ko Nicklaus ɗin da ake kafa hujja da shi, ai ba riƙon Vardon yake yi ba. Yatsunsa gajeru ne, sai ya zaɓi riƙon sarƙe. Tiger Woods ya bi sahunsa ya ci manyan kofuna 15. Su biyu kaɗai kofuna 33 ke nan. Rory McIlroy, wanda ya cike cin manyan gasannin huɗu da nasararsa a Masters ta 2025, shi ma sarƙewa yake yi. Haka abin yake wajen murɗin hannu. Paul Azinger, zakaran PGA na 1993, da Zach Johnson, wanda ya ci Masters a 2007 da Open a 2015, da Dustin Johnson, wanda ya ci Masters a 2020 da bugu 268, mafi ƙarancin da aka taɓa yi a gasar, dukansu riƙo mai rufewa suke yi. Jon Rahm na Sifaniya kuwa hannun hagunsa ya fi karkata ga mai buɗewa, ya ci Open ta Amurka a 2021 da Masters a 2023. In riƙo ɗaya ne daidai, yaya waɗannan suka haɗu a kan dandamali guda?

Mafi kaifin hujjarsu a kan littafin Hogan ɗin kansa take. Hogan ya tsara riƙonsa ne don maganin cutarsa, wato ƙwallon da ke gudu hagu, shi ya sa ya murɗa hannunsa wajen buɗewa. Amma yawancin 'yan koyo akasin haka ke damunsu, tasu ƙwallon dama take gudu. Wanda ya kwafi riƙon Hogan ido rufe alhali ƙwallonsa na gudu dama, tamkar wanda jininsa ya yi ƙasa ne aka ba shi maganin hawan jini. Littafin bai yi ƙarya ba, sai dai labarin hannun mutum ɗaya ya bayar.

Sannan akwai jiki. Yatsun hannu ɗaya ma ba tsawonsu ɗaya ba, balle hannayen mutane. Calvin Peete, baƙar fatar Amurka, ya faɗo daga itace yana yaro, hannun hagunsa ya karye ya ɗore a lanƙwashe, bai ƙara miƙewa ba. Bai fara golf ba sai da ya haura shekara 20. Duk da haka ya ci gasa 12 a babban zagayen ƙwararru na Amurka, kuma shekara goma a jere, daga 1981 zuwa 1990, ba wanda ya kai shi saita ƙwallo a tsakiyar fili daga bugun farko. Jikinsa ya saɓa wa hoton littafi, ya nemi hanyar da ta dace da shi. Yaro mai ƙananan hannaye, da dattijon da sanyin ƙashi ya kama wa yatsu, da wadda hannunta bai da kauri, sau da yawa riƙon yatsu goma ya fi ba su iko da sanda. Kuma dokar da ta hana gurbin yatsu, in ji su, ba ta taɓa cewa ga yadda za a jera yatsun ba. Abin da ta hana tun 2016 shi ne jingina sanda da ƙirji ko ciki lokacin bugu. Sauran ta bar wa mai hannu.

A ƙarshe suna tuna mana da zuciya. Sauya riƙo yana da ɗaci. Makonni mutum zai yi yana jin sanda kamar ta aro, ƙwallo na watsewa ko'ina. Wanda ya zo fili don motsa jiki da ganin abokai sau ɗaya a mako, in aka jefa shi cikin wannan, yana iya ajiye jakar gaba ɗaya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Idan aka ɗora su a ma'auni

Na daɗe ina auna maganganun nan, kuma abin da na gano shi ne ɓangarorin biyu suna cusa tambayoyi uku a buhu ɗaya. In aka zazzage su, kowacce da amsarta.

Tambaya ta farko ita ce ta ƙaramin yatsa: a ɗora, a sarƙe, ko a sauke shi kan mariƙi? Nan mutanen Alhaji sun yi gaskiya ɗari bisa ɗari. An ci manyan kofuna da duka ukun. Girman hannu da lafiyar gaɓoɓi ne ya kamata su zaɓa, kuma kocin da ya ɓata wata guda yana yaƙi da ɗalibi a kan wannan ya ɓata lokacinsu su biyu.

Ta biyu ita ce ta murɗin hannu, kuma nan kowane ɓangare rabin gaskiya ya riƙe. Haƙiƙa Dustin Johnson yana cin kofi da riƙo mai rufewa, amma dubi sauran jikinsa: ƙugunsa da ƙirjinsa suna juyawa da saurin da ba ya barin fuskar sanda ta ƙarasa rufewa. Riƙon da juyin tare suka girma, kamar ƙwarya da murfinta. Wanda ya ɗauki riƙon ya bar juyin, ƙwallonsa za ta nutse hagu. Waɗannan mutane kuma suna buga ɗaruruwan ƙwallaye a rana, shekara da shekaru, har abin da yake baƙo a idonmu ya zama ɗan gida a jikinsu. Akwai kuma abin da masu kafa hujja da Papwa ke mantawa: muna ƙirga wanda ya haye ne, ba mu ƙirga waɗanda ruwa ya ci. Yara nawa ne suka taso da irin riƙonsa, suka tsaya a rabin hanya, ba wanda ya rubuta sunansu? Gwani ɗaya ya isa ya nuna cewa abu mai yiwuwa ne, amma bai isa ya nuna cewa hanyar ce ta fi sauƙi ba.

Ta uku ita ce ta tushe, kuma nan Baba ba shi da abokin gardama. Ka dubi duk waɗanda aka lissafa, masu ɗori da masu sarƙe, masu rufewa da masu buɗewa, har da Papwa. Hannayensu biyu a manne suke, suna aiki tare, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda suka riƙe jiya haka za su riƙe yau, ba sauyi daga bugu zuwa bugu. Kuma ba sa shaƙe sanda. Ana danganta wa gwanin golf Sam Snead misalin riƙe tsuntsu: kada ka sassauta ya tashi, kada ka matse ka kashe shi. Wanda ya matse har jijiyoyin damtsensa suka fito ya kashe gudun sandarsa tun kafin ya ɗaga ta. Waɗannan ukun ba zaɓi ba ne, kuma yawancin masu cewa "haka na saba" a nan suke faɗuwa: hannaye a rarrabe, riƙo na sauyawa, yatsu sun yi fari don matsi.

A kan matsin nan akwai abin da ya kamata masu wasa a filayen Kano da Kaduna da Jos da Abuja su lura da shi. Da yawa da sandunan gwanjo muke farawa, robar mariƙinsu ta tsufa ta yi sulɓi. Hunturu ya busar da ita ta ƙeƙashe, bazara ta zo gumi ya jiƙa tafi. Hannu kuwa ba ya yarda sanda ta suɓuce masa, da kansa zai matse ko ba ka umarce shi ba. Na ga mutumin da aka yi ta yi wa faɗan ya sassauta, ya kasa, ranar da aka sauya masa robar sai ga yatsunsa sun saki da kansu. Wanke mariƙi da sabulu da ruwa, ko sauya shi in ya mutu, wani lokaci ya fi darasi goma.

To wa zai raba gardama idan koci da ɗalibi suka saɓa? "Ta fi zauna mini" ba hujja ba ce, domin duk abin da hannu ya saba da shi zai zauna masa, mai kyau ko maras kyau. "Ba haka littafi ya ce ba" ita ma ba hujja ba ce, domin littafi bai ga hannunka ba. Shaidar da ba ta son kai ita ce ƙwallo. A buga guda ashirin, da gajeriyar sanda da doguwa, a duba. In suna tashi suna sauka inda aka nufa, riƙon ya kare kansa. In suna gudu dama, a murɗa hannu kaɗan wajen rufewa har gaɓa ta uku ta leƙo. In suna nutsewa hagu, a dawo da shi baya. Koci na gari ƙwallo yake fara kallo, sannan ya kalli hannu.

Inda na tsaya

Wanda bai taɓa riƙe sanda ba, a ɗora shi a kan riƙon littafi. Tsakiya ce, daga nan kowane gefe kusa ne, kuma ba shi da wani sabo da za a rushe. Wanda ya daɗe yana wasa, ƙwallonsa na tafiya daidai, a bar masa hannunsa ko da bai yi kyan gani ba. Wanda ya daɗe amma kullum ƙwallonsa na gefe guda, ya daure wa ɗacin 'yan makonni ya gyara, sai dai ya zaɓi lokacin da ba gasa a gabansa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Shekaru ma suna da baki a maganar: ɗan shekara 14 mai burin zama ƙwararre da ɗan shekara 65 mai neman lafiyar jiki ba awo ɗaya za a yi musu ba.

Bayan mako biyu na sake bi ta bayan rumfar. Na tarar da su ukun. Baba ya ba yaron aron doguwar sanda, ya ce ya buga goma da riƙonsa. Suka tafi ƙasa-ƙasa, ba nisa, rabinsu suka gangara hagu. Yaron ya tsaya yana kallon hannunsa, ba wanda ya ce masa komai. Sannan Baba ya kai shi dab da rami ya ce ya ɗan bugo ƙwallaye daga gefen ciyawa. Nan kuwa sai ga su suna kwanciya kusa da rami kamar an ajiye da hannu.

"Wannan ka riƙe abinka," in ji Baba. "Akwai Baturen Ingila, Matt Fitzpatrick, da ya ci Open ta Amurka a 2022, haka yake riƙewa in ya zo kusa. Amma na nesa, zo in nuna maka."

Ya kama yatsun yaron ɗaya bayan ɗaya yana jera su, ya kwantar da mariƙin a gindinsu, ya rufe tafin a hankali. Alhaji na gefe yana murmushi. Sai a lokacin na lura da nasa hannun: yatsu goma ne a kan sanda. Na tambaye shi, ya ce tun da gaɓoɓinsa suka fara ciwo ya koma haka, kuma Baban nan ne da kansa ya ba shi shawarar.

Da zan fita, na hangi yaron zaune a kan benci cikin 'yan'uwansa, suna jiran masu jaka. Ya sami guntun reshen darbejiya mai kaurin mariƙi. Yana ɗora hagu, ya duba gaɓoɓi biyu, ya kawo dama ya rufe, ya saki, ya sake daga farko.